Me Edom ta yi har aka yanke mata wannan hukunci? Amsa a kan littafin Obadiya

Tambaya: Ni ne nake bi da nazarin Littafi Mai Tsarki a ƙungiyarmu, yanzu mun iso littafin Obadiya. Muna gama karatu sai gardama ta kaure. Wani ya ce, ashe don girman kai kawai Allah zai shafe al'umma guda, ina adalci a nan? Wani kuma ya ce ai annabcin nan da manyan ƙasashen duniya na yau yake, har ya soma jero sunayensu. Malam, ta yaya zan koyar da wannan littafi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Mutanen nan naka biyu, duk da kowa da inda ya dosa, wuri ɗaya suka yi birki. Sun karanta aya ta 3 da ta 4, inda ake zancen gaggafa da sheƙarta a tsakanin taurari, abin ya kama hankalinsu, daga nan ba su ƙara jin komai ba. Alhali takardar tuhumar Edom tana gaba, daga aya ta 10 zuwa ta 14. Obadiya ayoyi 21 ne kacal, shi ne mafi gajarta a Tsohon Alkawari, saboda haka babu dalilin da zai sa a yanke hukunci a kan rabinsa.

Abu na farko da za ka kafa wa jama'arka shi ne, Edom ba baƙuwar al'umma ba ce kamar Assuriya ko Babila. Edomawa zuriyar Isuwa ne, tagwayen Yakubu, ciki ɗaya suka kwanta, tun suna cikin ma suke kokawa (Farawa 25). Attaura kuma ba ta taɓa barin Isra'ila ta manta da wannan ba. A Maimaitawar Shari'a 2 an gaya musu cewa Allah ne ya ba Isuwa Dutsen Seyir, ko taki ɗaya na ƙasar ba za a ba su ba, abinci da ruwa ma sai dai su saya da kuɗi. A 23:7 kuma aka ce kada su ƙyamaci Ba'edome, domin ɗan'uwansu ne. Sa'ad da Musa ya aika wa sarkin Edom yana neman hanya, da "ɗan'uwanka Isra'ila" ya buɗe saƙon, ya yi alkawari ba za su ratsa gona ba, ba za su sha ruwan rijiya ba, babbar hanyar sarki kaɗai za su bi. Edom ta ƙi, ta fito da runduna ta tare hanya (Littafin Ƙidaya 20). In ba a riƙe wannan zumunci a zuciya ba, ba za a gane zafin muryar Obadiya ba.

To, da me Edom take taƙama? Ƙasar tana kudu maso gabas da Tekun Gishiri, a kudancin ƙasar Jodan ta yau, ta miƙe har gaɓar Akaba. Tsaunuka ne na jan dutse, wasu sun haura mita 1,500, da kwazazzabai masu zurfi da ƙananan mashigai waɗanda 'yan mutane kaɗan za su iya tsare wa runduna. Babban birninsu Bozara ne, wanda yau ake kira Busaira. Hanyar fatake daga Arabiya zuwa Dimashƙu ta cikinsu ta ratsa, ga kuma tagulla a yankin Fainan da aka daɗe ana haƙa. Ban da dukiya sun yi suna da hikima, musamman mutanen Teman. Ka tuna Elifaz, abokin Ayuba, Batemane ne. Wani gyara a nan, tun da za ka iya cin karo da shi: masu wa'azi da yawa sukan nuna hoton manyan gine-ginen nan da aka sassaƙa a jikin dutse a Fetra, su ce ga gidajen Edomawa. Ba aikinsu ba ne. Nabatiyawa, wata al'umma ta Larabawa, su ne suka sassaƙa su, ɗaruruwan shekaru bayan Obadiya. Duwatsun na Edom ne, amma sassaƙar ta wasu ce.

Na jero waɗannan ne don ka lura cewa abubuwan da Edom ta dogara da su ba ƙarya ba ne. Dutsen yana nan, dukiyar tana nan, masu hikima da jarumawa da ƙasashen ƙawance duk suna nan. Annabin bai ce musu ƙarfinsu mafarki ne ba. Abin da ya ce shi ne girman kan zuciyarsu ya ruɗe su, har suka ce a ransu, wa zai iya saukar da ni ƙasa? Ruɗin yana cikin lissafin da suka yi da ƙarfin, suka ɗauka wanda ba a iya hawa masa ba a iya tambayarsa. Daga aya ta 5 zuwa ta 9 sai a bi ginshiƙan nan ɗaya bayan ɗaya. Ɓarawo, in ji annabin, yakan ɗauki abin da ya ishe shi ya tafi, masu tsinkar inabi sukan bar kala, amma Isuwa za a yi masa ƙarƙaf, har ɓoyayyar dukiyarsa a tono. Abokan alkawarinsa su ne za su raka shi bakin iyaka su yashe shi, masu cin abincinsa su kafa masa tarko. Masu hikima su ɓace, jarumawan Teman su firgita. Aya ta 7 ita ce mafi ɗaci, kuma ka sa jama'arka su riƙe ta, domin wanda ya ci amanar ɗan'uwa, ta hannun aminansa hukuncinsa ya biyo.

Yanzu sai laifin kansa. Aya ta 10 ta faɗe shi ƙarara: saboda ta'addancin da ka yi wa ɗan'uwanka Yakubu. Yaushe? Akwai masana da suke kai abin zamanin sarki Yehoram, lokacin da Filistiyawa da Larabawa suka washe fadar Urushalima (2 Tarihi 21). Amma mafi yawa, kuma ni ma nan na tsaya, suna ganin faɗuwar Urushalima ce a hannun Nebukadnezzar sarkin Babila a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, wasu su ce 587. Dalili kuwa shi ne sauran shaidu duk can suka nuna. Zabura 137:7 ta tuna yadda Edomawa suke cewa a rushe ta, a rushe ta har tushe. Makoki 4:21 ya yi wa Edom ba'a, ya ce yi ta murna, ƙoƙon zai zagayo kanki. Ezekiyel 35 ya tuhume su da tsohuwar gaba da kwaɗayin ƙasar. Kuma 'yan shekaru kafin wannan rana, jakadun Edom suna cikin waɗanda suka taru a Urushalima wajen sarki Zedekiya, a lokacin da ake ƙulla yadda za a kuɓuce wa Babila (Irmiya 27). Wato da su aka zauna shawara, ranar da wuta ta kama kuma aka gan su a ɗaya gefen.

Ka sa a karanta aya ta 11 zuwa ta 14 da babbar murya, a hankali, domin matakala ce. Matakin farko ba wani abin a zo a gani ba ne: a ranar da baƙi suka shiga ƙofofin birnin, suka jefa ƙuri'a a kan Urushalima, Edom ta tsaya a gefe. Ba ta ɗaga takobi ba tukuna, tsayawa kawai ta yi. Duk da haka hukuncin ayar shi ne, kai ma kamar ɗaya daga cikinsu kake. Daga tsayawa sai kallo, irin kallon da ake ƙosar da ido da shi. Daga kallo sai murna. Daga murna sai baki ya buɗe da fariya. Sannan ƙafa ta motsa, aka shiga ta ƙofar da wasu suka fasa. Sannan hannu ya miƙa ga kayan mutane. Na ƙarshe kuwa shi ne wanda ba ya jiyuwa: suka tsaya a mararraba suna datse waɗanda suka tsere, suna miƙa waɗanda suka ragu ga abokan gaba. Mutumin da ya kuɓuta daga yunwar kewaye da takobin Babila, ya nufi kudu yana cewa can akwai dangi, sai ya tarar dangin ne suke jiransa a kan hanya. Sau da sau annabin yana nanata "a ranar", ranar masifarsa, ranar halakarsa, ranar wahalarsa, kamar mai buga ƙusa.

Abin da nake so ka fitar wa ƙungiyarka shi ne igiyar da ta ɗaure aya ta 3 da ta 11. Ba laifi biyu ne daban ba. Mutumin da ya tabbata cewa masifa ba za ta taɓa hawowa inda yake ba, shi ne yake iya tsayawa yana kallon masifar wani ko a jikinsa. Hausawa suna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Edom ba ta shafa ba, domin ta gaskata nata gemun ba ya cin wuta. Tausayi yakan fito ne daga sanin cewa ni ma abin nan zai iya samuna, girman kai kuwa wannan sanin yake fara kashewa. Haka Ezekiyel 16:49 ya bayyana zunubin Saduma: girman kai, ƙoshi, da zaman jin daɗi, ba ta kuwa taimaki matalauci da mabukaci ba. A wurin annabawa girman kan al'umma ba a auna shi da irin maganar da take yi a kan kanta kaɗai, ana auna shi da abin da ya sami raunana a hannunta.

Da wannan za ka amsa wa mutum na farko. Ba don wani yanayi na zuciya aka hukunta Edom ba. Ma'aunin yana aya ta 15: yadda ka yi, haka za a yi maka, aikinka zai komo a kanka. Ta washe, za a washe ta. Ta ci amana, za a ci tata. Ta datse masu gudu, za a datse ta. Ba a ƙara mata ko ƙwaya a kan abin da ta auna wa wani ba.

Sai dai kada ka sauƙaƙa abin fiye da yadda yake, domin mai tambayar nan yana da abin riƙewa. Edom ma tana da nata ciwon. Dawuda ya ci ta da yaƙi ya kafa sansanoni a cikinta, Yowab shugaban sojojinsa kuma ya zauna wata shida yana karkashe mazajenta (1 Sarakuna 11:15-16). Ta ƙwaci kanta a zamanin Yehoram, daga baya Amaziya sarkin Yahuza ya kashe mutum 10,000 a Kwarin Gishiri, aka kuma jefo wasu 10,000 daga kan dutse (2 Tarihi 25:11-12). Littafi Mai Tsarki da kansa ne ya ajiye mana wannan labari, bai ɓoye ba. Da ka tambayi Ba'edome a shekara ta 586, da ya ce maka ramuwa ce. Amos 1:11 ya san da wannan gaba, kuma abin da ya kama Edom da shi shi ne ta riƙe fushinta har abada, ta kashe tausayi. Tsohon ciwo yana bayyana dalilin abin da mutum ya yi, amma ba ya wanke shi. Haka nan, Yahuza ba mai tsabtar hannu ba ce a ranar. Irmiya ya shekara wajen arba'in yana gaya mata cewa faɗuwar nan hukuncin Allah ce a kan zunubanta. Duk da haka Edom ba ta sami izinin ƙara mata ko tsinke ba. Allah yana horon wani bai zama lasisi ga maƙwabci ya zo da tasa bulala ba, kuma Karin Magana 24:17-18 ta faɗi haka a kan maƙiyi ma, balle ɗan'uwa.

Aya ta 18 tana da wuya, inda aka ce gidan Yakubu zai zama wuta, gidan Isuwa ya zama tattaka, ba wanda zai ragu. Kada ka tsallake ta. Amma ka ajiye ta kusa da abin da ya faru a tarihi. Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, ya kai yaƙi Edom wajen shekara ta 553 zuwa 551 kafin haihuwar Almasihu, kuma har yau akwai hotonsa da aka sassaƙa can sama a jikin dutse a Sela, kusa da Busaira. Babilar da Edom ta yi wa kara ita ce ta hawo mata dutsen. Daga nan masarautar ba ta sake tashi ba. A zamanin Malakai ƙasar kufai ce, Edomawa suna cewa za mu sake ginawa (Malakai 1:4). Kafin shekara ta 312 Nabatiyawa sun riga sun kafu a yankin. Su Edomawa kuwa suka gangara kudancin Yahudiya, wurin da aka koma kira Idumiya, har a ƙarshen ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu Yohanna Hirkanus, shugaban Yahudawa, ya ci su ya shigar da su addinin Yahudawa. Daga cikinsu gidan Hirudus ya fito. Abin da ya ƙare ƙurmus shi ne Edom a matsayin masarauta da al'umma mai sunanta. Mutanen kuwa sun narke cikin wasu, kuma Markus 3:8 ya lissafa mutanen Idumiya cikin taron da suka zo wurin Yesu. Ka haɗa da Irmiya 18:7-8, inda Allah ya ce in ya furta hallaka a kan al'umma, ita kuwa ta juyo, zai janye. Nineba ta ga haka a zamanin Yunusa. Sanar da hukunci tun kafin ya zo, shi kansa ƙofa ce da aka bari a buɗe.

Mutum na biyu kuwa, a ganina shi ne ya fi bukatar a ja shi gefe, cikin ladabi. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya: aya ta 15 ta ce ranar Ubangiji ta yi kusa a kan dukan al'ummai, don haka ma'aunin da aka auna Edom da shi bai tsufa ba, babu kuma ƙasar da makamanta ko arzikinta suka fitar da ita daga ƙarƙashinsa. Amma ɗaukar sunan Edom a liƙa wa wata ƙasa ta yau, wannan wani abu ne dabam. An daɗe ana yi. Malaman Yahudawa na dā sun kira Roma Edom, daga baya kowane zamani ya sami tasa Edom, kuma kusan kullum takan zama ƙasar da mai magana ya riga ya tsana. Ka kuma kiyaye kada wani ya ce mutanen da suke zaune a waɗannan duwatsu yau su ne Edom. Ba su ba ne, kuma littafin bai ba kowa damar ƙin wata kabila ba.

Abin tsoron shi ne, mai jero sunayen ƙasashen da za su faɗi yana jin daɗin jerin, ya riga ya hau mataki na biyu da na uku na matakalar Edom, kallo da murna. Amos ya san wannan hali sarai. A sura ta 1 da ta 2 ya bi maƙwabta ɗaya ɗaya, Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, masu sauraro suna ta gyaɗa kai, sai ya juyo kan Yahuza, sannan ya sauke mafi tsawon tuhumar a kan Isra'ila. A 6:8 ma Allah ya ce yana ƙyamar girman kan Yakubu. Mutanen Urushalima su ma suna da nasu dutsen, su ne masu cewa Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji, suna ganin birnin da Haikali yake ba ya faɗuwa (Irmiya 7:4). Yesu kuma, da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kuna tsammani sun fi sauran zunubi? Ya mai da tambayar kan masu kawo labarin (Luka 13:1-5). Bulus ya yi wa masu bi daga al'ummai irin wannan kashedi a Romawa 11:20, ya ce kada su yi girman kai a kan rassan da aka sare, sai dai su ji tsoro.

Saboda haka in lokacin tattaunawa ya yi, kada ka tambaye su wace ƙasa ce Edom. Ka tambaye su wane dutse ne mu muke zaune a kai, a matsayin iyali, ko ikilisiya, ko al'umma, wanda yake sa mu ji abin da ya sami wasu ba zai same mu ba. Sannan ka tambaya, wane ne ya shiga ranar wahalarsa muka tsaya a gefe, kuma akwai abin da muka ƙaru da shi daga faɗuwarsa? Ka ba su lokaci, kada ka yi saurin cike shirun. Tambaya ta biyun takan yi nauyi, domin yawancinmu ba mu taɓa tsayawa a mararraba da takobi ba, amma aya ta 11 ba ta jira an kai nan ba kafin ta ce kamar ɗaya daga cikinsu kake.

Ayoyi na 17 zuwa 21 ba sai ka daɗe a kansu ba, amma ka faɗi ko su wa aka fara yi wa maganar. Mutane ne da aka kwashe, birninsu toka, maƙwabta sun mamaye gonakinsu. Ba masu ƙarfin ramawa ba ne, kuma littafin bai ce su tashi su rama yanzu ba. An gaya musu ne cewa an ga abin da aka yi musu, an rubuta, akwai kuma mai shari'a. Jerin wuraren da ke aya ta 19 da ta 20, Negeb, Filistiya, Ifraimu, Samariya, Gileyad, Zarefat, alkawarin komawa gida ne ga marasa gida. Jimlar ƙarshe kuma ba ta ce mulki zai zama na Yakubu ba, ta ce mulki zai zama na Ubangiji. In akwai mai son ya bi zaren gaba, ka nuna masa Amos 9:11-12, inda aka ambaci ragowar Edom tare da al'umman da ake kira da sunan Allah, nassin da Yakubu ɗan'uwan Yesu ya kafa hujja da shi a taron Urushalima don karɓar al'ummai (Ayyukan Manzanni 15).

In za ka iya, ka raba nazarin zama biyu, aya ta 1 zuwa 14 a na farko, sauran a na biyu. Kafin zaman farko ka ba su Farawa 25 da 27 da 33 su karanta a gida, har wurin da Isuwa ya sheƙo a guje ya rungumi Yakubu suka yi kuka, sannan Irmiya 49:7-22, wanda ya yi kama da rabin farko na Obadiya ƙwarai, su gwada su ga abin da kowannensu ya ƙara da abin da ya bari. Allah ya ba da fahimta, ka gaishe mini da 'yan'uwa.